Kafin ka biya kuɗin dina mai wasa, fara duban ƙaramin cikin yaranka

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a sammin ɗan fili a shafin wasiƙu, akwai maganar da ta daɗe tana cina, satin da ya wuce kuma ƙanina ya sake tono min ita. Shi da iyalinsa ne suke shirin kai yara hutu Orlando, can jihar Fulorida a Amurka, sun daɗe suna tara kuɗin tafiyar, shine ya bugo min waya yace Yaya kai da ka taɓa zuwa, wannan abin da suke cewa dina sho ɗin nan in saka shi a lissafi ne ko in ƙyale shi? Muka kwashe kusan awa guda muna magana har caji ya kusa ƙarewa, bayan mun aje waya na zauna ina tunani nace ai ba shi kaɗai bane mai wannan tambayar, duk magidancin da ya ɗauki iyali ya nufi irin waɗannan manyan wuraren wasa sai an tallata masa shi, a otal, a wajen sayen tikiti, a waya, ko'ina. Shi yasa nace bari in rubuto.

Ga wanda bai san abin ba, dina ce ake yi muku da wasa a lokaci guda. A zaunar da ku a tebur ko a dogon benci, ana kawo abinci kuna ci, gabanku kuma ana waƙa da barkwanci, ko ana sukuwa da dawaki, ko ana rawa da wuta. Yawanci abin yana ɗaukar wajen awa 2. Wanda ya fi suna a cikin Walt Disney World, babban wurin wasan kamfanin Disney na kusa da Orlando, shine Hoop-Dee-Doo Musical Revue, tun 1974 ake yinsa a wani ginin katako da ake cewa Pioneer Hall a sansanin Fort Wilderness, kaga kenan shekara 3 kacal bayan buɗe Disney World ɗin kanta a 1971. Mutum 6 ne suke wasan, maza da mata, da shigar kaboyi irin ta mutanen yammacin Amurka na da. A ɓangaren Universal kuma, wani babban wurin wasan na Orlando, akwai Wantilan Luau a otal ɗin Royal Pacific, shi kuma biki ne irin na tsibiran tekun Fasifik, da raye-rayensu da mai juya sandar wuta. Sai Medieval Times a garin Kissimmee, duk da shi ba a cikin otal ɗin wani fak, wato wurin wasa mai liluka, yake ba amma nan kusa yake kuma ƴan hutu ne suke cika shi, tun 1983 yake nan, mahaya dawaki ne da sulke da masu suna gwabzawa kamar a zamanin sarakunan Turai.

To abin da na gayawa ƙanin nawa a taƙaice shine, kar ya tambayi kansa ko wasan yana da kyau. Kyau kam suna da shi, mutanen nan sun iya aikinsu, wasan da ya shekara 50 ana saye ai ba banza ba. Tambayar da zai yi ita ce wanda ya fi kowa rauni a tawagarsa, ƙaramin yaro ne ko tsohuwa ce, shin zai iya zama awa 2 a wuri ɗaya a wannan lokaci na yamma, cikin ƙara, bayan wunin da ya riga ya yi? In amsar eh ce to a biya. In a'a ce, wallahi komai kyan wasan daren nan ya lalace ma kowa, saboda uwa ba za ta ga komai ba tana fama da yaro, kai kuma ba za ka ji daɗi ba kana kallonta tana fama.

Ba a littafi na karanta wannan ba, a jikina na ji. Zuwanmu na farko mun shiga wani daga cikin irin waɗannan wasanni, ba zan kama suna ba don laifin ba nasu bane, su sun yi abin da suka ce za su yi. Mu 7 ne, ni da uwargida da yara 4 da Hajiyarmu. Na zaɓi wasan ƙarshe na dare saboda a lissafina kar mu yi asarar wunin fak tunda tikitinsa ma da tsada muka saya, wato mu wuni muna lilo har yamma sannan mu wuce dina. Ranar tun sassafe muka fita, ga rana ga layi ga tafiyar ƙasa wadda ba ta ƙarewa, kuma kwananmu 3 kenan da sauka barcin yaran bai gama daidaita da agogon garin ba. Kafin a kawo abinci autanmu, lokacin shekararsa 4, ya riga ya ɓingire a cinyar uwarsa, da aka buga wata ƙara mai ƙarfi ya farka a firgice ya fasa kuka, daga nan uwar tasa ta fice da shi waje, bata dawo ba sai da aka kusa tashi. Hajiya tana zaune shiru, bata jin Turancin da ake yi, mutane suna ƙyalƙyala dariya ita tana kallona, ni kuma in juyo in fassara mata kafin in gama an wuce wajen. Da muka fito ta ce min, da kun barni a ɗaki da yaron nan da kowa ya huta. Har yau in na tuna maganar nan sai in ji ba daɗi, domin don in faranta mata na biya.

Kaga abin da yasa na fi dagewa a kan lokaci. Hoop-Dee-Doo misali sau 3 ake yinsa a yini, ƙarfe 4:00 na yamma da 6:15 da 8:30 na dare. Mutum zai ga 8:30 yace ai wannan ne daidai, amma ka lissafa, sai bayan ƙarfe 10 za a tashi, sannan ga komawa masauki, yaro ɗan shekara 5 da ya tashi tun asuba bazai kai ba. Na 4:00 kuma ya fi dacewa da ƙanana amma fa ya cinye maka rabin wunin fak, don tun wajen ƙarfe 2 da rabi za ka fara haramar fita. Shi yasa nake ganin in har za a yi, a sa shi ranar hutawa, ranar da ba a sayi tikitin fak ba, a yi barci a ƙoshi, yara su yi wasan ruwa a otal, a yi ƙailula, da yamma a yi wanka a shirya a tafi da ƙarfi a jiki. Dina mai wasa ita kanta fita ce guda, ba cikon wuni bace. Mutane da yawa a nan suke faɗawa, suna ɗaukarta kamar shiga gidan abinci ne, wai ai dama dole mu ci abincin dare to bari mu ci a can, alhali gidan abinci in yaro ya rikice sai kace a ƙulle maka sauran a leda ku tafi, nan kuwa kuɗin wasa ka biya tun kafin ka zo, kana fita ka bar shi.

Akwai kuma hanya, wadda ba a cika faɗa a talla ba. Disney World ba ƙaramin wuri bane, filinta ya kai eka wajen 25,000, gari ne guda. Fort Wilderness kaɗai daji ne mai eka kusan 750, kuma Pioneer Hall yana can ƙurya bakin tafki, ba a barin mutum ya kai motarsa ƙofar wurin. Sai dai kayi fakin a bakin shiga ka hau bas ta cikin gida ta kai ka, ko kuma ka hau jirgin ruwa daga Magic Kingdom, ɗaya daga cikin fak ɗin Disney World. Jirgin ruwan yana da daɗi gaskiya, yara suna sonsa, amma akwai jira, kuma in kana wani otal ɗin daban to sai ka haɗa abin hawa 2 kafin ka isa. Duk wanda bai ware awa guda ko fiye ba don hanya kawai to zai shiga yana haki, yana jan keken yaro, yana yiwa iyali faɗa su yi sauri, kuma mutumin da ya shiga wajen nishaɗi ransa a ɓace ai an riga an gama da shi. Ƙari a kan haka lokacin bazara a Fulorida kusan kullum da rana ko yamma sai hadari ya taso da tsawa, jiragen ruwan kan tsaya in ana walƙiya, kenan sai a koma neman bas.

Sai maganar abinci, wadda ita ce ta fi damun ƙanina kuma ya kamata ta dame shi. Irin waɗannan wurare ba a miƙo maka takarda ka zaɓi abin da kake so, abinci ɗaya aka dafa ma kowa. A Hoop-Dee-Doo soyayyar kaza ce da haƙarƙarin alade, a bokitan ƙarfe ake dire su a tsakiyar tebur, da wake da burodin masara da salak, a ƙarshe a kawo kek mai sitiroberi, kuma ci ne sai ka ƙoshi, in ya ƙare a ƙaro. Manya ƴan shekara 21 zuwa sama kuma giya tana cikin kuɗin, iya shanka. A luwau ɗin Royal Pacific ma gasasshen alade guda shine sarkin tebur, da shi ake ado. To Musulmi ya tsaya ya yi wa kansa lissafi na gaskiya, cikin abin da na biya nawa ne zai shiga cikina? Aladen ya fita, giyar ta fita, waken ma sai ka tambaya da me aka dafa shi don a can sau da yawa ana saka masa naman alade, ita kuma kazar magana ce ta yanka wadda kowa ya san abin da malamansa suka karantar da shi, ni ba fatawa na zo bayarwa ba. Abin da na sani shine wuraren nan suna sauraron mai larurar abinci in ya yi magana da wuri, suna da na marasa cin nama, suna kula da masu alajin gyaɗa ko madara ko alkama, mai dafa abincin ma kan fito ya same ka a tebur. Amma sai ka faɗa tun lokacin bukin, wato lokacin kama kujera, ka sake faɗa da bakinka in kun zauna, kace kar ma a kawo bokitin aladen teburinmu. Kar ka bari sai an dire shi gaban yara sannan ka fara bayani cikin hayaniya ana kiɗa, mai kawo abincin baya jinka kai baka jinsa.

Kuma ko an canja maka abincin farashin kujerarka bai canja ba. Lokacin da aka sake buɗe Hoop-Dee-Doo a watan Yunin 2022 bayan rufewar korona, kujerar babba tana kamawa daga dala 66 zuwa 74 ne gwargwadon inda aka zaunar da kai, ta yaro kuma daga 39 zuwa 44, da haraji da tukuicin ma'aikata duk a ciki, farashi kuwa ba ya komawa baya don haka a duba na yau. Inda abin yake da zafi, a wajen Disney yaro shine ɗan shekara 3 zuwa 9, da ya cika 10 to ya zama babba a wajen biya ko da kuwa cinyar kaza ɗaya ce take ƙosar da shi. Ɗauki gida mai uwa da uba da yara ƴan 12 da 10 da 7 da 4, manya 4 kenan yara 2, ko a kujeru mafi arha na wancan lokacin dala 342 ne a zama ɗaya. Wannan kuɗi ne da zai iya ciyar da gidan nan kwana da kwanaki in ana sayen abinci da lura. Ban ce asara bane, a'a, amma mutum ya sani cewa kallo yake saye, abincin rakiya ya yi. In ka auna shi da mudun abinci za ka fito kana ƙunƙuni, in ka auna shi da mudun kallo kuma sai ka fara tambaya wa da wa zai fahimci kallon. A wasu wuraren na wajen Disney ma tukuici baya cikin tikitin, sai an gama za ka ajiye, ga hoton da za a ɗauke ku a ƙofa a biyo ku da shi tebur, ga takubban roba masu haske da ake yawo da su a gaban yara. A sa wannan ma a lissafi, a kuma gayawa yaran tun daga masauki abin da za a saya da wanda ba za a saya ba.

Wannan ya kawo ni kan harshe, abin da ban taɓa tunaninsa ba sai da na ga Hajiya a wancan daren. Wasannin nan iri 2 ne a ganina, akwai na kunne akwai na ido. Na kunne shine mai waƙa da barkwanci, dariyarsa tana cikin wasa da kalmomin Turanci ne, da karin maganar Amurkawa da tsofaffin waƙoƙinsu da suka taso da su, ko wanda ya yi boko mai zurfi wani barkwancin sai ya wuce shi saboda saurin bakinsu, balle yaro ɗan firamare ko dattijuwa. Ba wai ba za su samu komai ba, akwai tafi, akwai kaɗa adiko sama, akwai inda ake raba ma mutane allon wanki da cokali kowa ya yi ta kiɗa, yara suna son wannan sosai. Amma rabin abin da aka biya ya tafi a iska. Na ido kuwa shine mai dawaki da mai wuta, wannan baya buƙatar tafinta, doki in ya miƙe da ƙafa 2 kowa ya gane, mashi in ya karye a garkuwa kowa ya gane. In a gidanku akwai wanda Turancinsa bai nuna ba, to na ido ya fi muku.

Sai dai shi ma na idon da nasa. Luwau rawa ce ta mutanen tsibiri da shigarsu ta gargajiya, wadda jiki yake fita sosai maza da mata, magidanci ya kalli bidiyonsa a YouTube shi da matarsa tukuna su yanke ko abu ne da suke so su zauna su kalla da ƴaƴansu, ya fi ace sai an zauna mutum ya rasa inda zai sa idonsa. Na dawaki kuma ɗaki ne rufaffe mai yashi, akwai ƙura da gashin doki da hayaƙin da ake saki da fitilu masu walƙiya, mai asma ko mai farfaɗiya a kula sosai, a tafi da maganin shaƙa a jaka. Ga ƙara, takubba suna haɗuwa har tartsatsi yana tashi, ɗaruruwan mutane suna ihu lokaci guda. Yaron da yake toshe kunne in an kunna injin markaɗe bazai ji daɗin wurin nan ba, kai ka san ɗanka, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani abu kuma, a irin na waƙa da barkwanci ana jawo mutane daga cikin ƴan kallo a hau da su dandamali, a sa musu wata shiga a yi dariya da su. Wani yana so, har ɗaga hannu yake. Wani kuwa, musamman magidanci mai kunya ko matar da bata son a taɓa ta ko a haska ta, wannan zai iya ɓata masa dare. Teburan gaba su suka fi tsada kuma su ne ƴan wasan suka fi zagayawa, na saman bene sun fi arha kuma an fi samun sakewa, amma da matakala ake hawa, in akwai tsoho mai ciwon gwiwa ko mai keken guragu to a nemi ƙasa tun wajen bukin.

Kar in manta da salla. A Orlando lokacin bazara rana bata faɗuwa sai wajen 8 da rabi na dare, kenan wasan 8:30 daidai magariba yake farawa, a watan Disamba kuma tun wajen 5 da rabi take faɗuwa, sai ta riski mai wasan 4:00 yana ciki. Matafiyi yana da sauƙin da addini ya bashi, amma dai a san da abin a tsara shi tun daga masauki, a fita da alwala da ƴar darduma.

Kar a ɗauka ina kushe abin ne gaba ɗaya. Mun sake komawa bayan wasu shekaru, yara sun tasa, autan ya kai 9, wannan karon muka je na dawakin a Kissimmee kuma har yau in ana hirar tafiyar nan shi yaran suke fara ambata kafin duk wani lilo. Ranar bamu shiga fak ba, mun huta, mun ɗan ci wani abu da la'asar don kar a dogara da abincin can. Ana shiga aka ba kowa hular sarauta ta takarda, kalar hularka ita ce kalar jarumin da ɓangarenku zai goyi baya, shikenan yara suka samu abin yi, murya har ta dushe. Babu cokali babu wuƙa, da hannu ake ci, miyar tumatir ma a kwano mai mariƙi ake kurɓa. Mu mun nemi na marasa cin nama tun wajen shiga, aka kawo wake da shinkafa da kayan lambu, ba wani abin a zo a gani bane amma mun ƙoshi. Aka saki shaho ya yi ta shawagi a saman kawunanmu, babbar ƴata ta riƙe hannuna ƙam. Abin da na fi so a daren shine awa 2 cur babu wanda ya taɓa waya, babu layi, babu rana, babu wanda ya ɓace a cikin jama'a, dukkanmu muna zaune a jere muna kallon abu ɗaya. Duk wanda ya taɓa kai yara irin wannan hutun ya san wannan ba ƙaramin abu bane, domin a fak rarrabuwa ake yi, manya su tafi lilon da ake auna tsawo, uwa ta tsaya da ƙarami a inuwa, a wuni ana neman juna a waya.

Saboda haka a nawa ganin gidan da ya fi morar dina mai wasa shine wanda ƙaraminsu ya kai kamar shekara 6 ko 7, yana iya zama, baya tsoron ƙara, kuma tafiyar tana da kwanaki da yawa har akwai ranar da za a iya sadaukarwa. Haka babban gida da aka haɗu da kakanni da ƴan uwa ana neman zama ɗaya da zai haɗa kowa. Wanda kuwa kwana 3 ko 4 kaɗai gare shi, ga goyo ga ɗan yaye, to da muguwar rawa gara ƙin tashi, ya bar yamman nan a sake, a ci abinci mai sauƙi, in da sauran ƙarfi a tsaya kallon wasan wuta na dare a Magic Kingdom wanda dama yana cikin tikitin da aka riga aka biya, in yaro ya yi barci a kafaɗa a juya a tafi ba a yi asarar ko sisi ba. Gaskiya ne ɗan ƙasa da shekara 3 ba a biya masa a Disney, amma uwar da zata wuni a bakin ƙofa tana jijjiga shi ai an biya mata cikakken kuɗi. Ƴan mata da samari ƴan 14 zuwa sama kuma a tambaye su kafin a biya, wasu suna ganin barkwancin na yara ne, su zauna suna cin magani.

Ana matsa ma mutum ya yanke da wuri, saboda Disney tana buɗe bukin ɗin abinci kwana 60 kafin ranar, kuma na irin wannan wasan nan take ake cire kuɗin gaba ɗaya, lokutan hutun makarantu da ƙarshen shekara kujerun kan ƙare da sauri. Wannan ne yake sa mutum ya danna ya biya cikin tsoron kar ya rasa, bai ma zauna da matarsa sun yi shawara ba. A karanta sharaɗin sokewa da kyau a rubuta ranar ƙarshe a waya, domin yaro na iya tashi da zazzaɓi, jirgi na iya makara. Kuma a tabbata wasan da ake nema yana nan ma tukuna, don ƙanina da farko Spirit of Aloha yake tambayata, luwau ɗin da ake yi a otal ɗin Polynesian na Disney, wani tsohon bidiyo ya gani ya burge shi, alhali tun Maris 2020 aka rufe shi bai sake buɗewa ba, wurin ma an gina dogon bene a kai. Haka Buffalo Bill's Wild West Show na Disneyland Paris a Faransa, wanda aka fara tun buɗe wurin a 1992, shi ma a 2020 ya tsaya.

Shi ƙanin nawa yaransa 3 ne, ƴar 11 da ɗan 8 da ƴar shekara 2 da rabi, kwana 6 za su yi. Nace masa in ni ne shi, ba zan kai ƙaramar ba ko a wane wasa. Ko dai su haƙura gaba ɗaya sai wani zuwan in Allah ya nufa, ko kuma ranar hutawarsu shi ya ɗauki manyan 2 ya kai su na dawaki da wuri, uwar ta zauna da ƙaramar a otal ta samu ta miƙe ƙafa, washegari kuma shi ya riƙe yarinyar ita ta fita da manyan inda take so. Yace zai shawarci matar tasa, jiya ya turo min saƙo wai ta zaɓi na biyun, har ta riga ta faɗi inda za ta nata fitar.

Na gode Malam Edita da wannan fili, Allah ya ƙara ma jaridar nan albarka.

Naku,
wani magidanci mai karanta ku kullum.